Ƙadangaren Bakin Tulu: Tukwanen Ladi Kwali a Shekarun Korona

A kasuwannin ƙasar Tasawa, daga Bawdeta zuwa Korgom da Hawandawaki, inda iyakar Nijeriya take kusa, an daɗe ana haɗa kuɗi iri biyu a lalita ɗaya, wato sefa da naira. Daga cikin takardun naira akwai wata koriya wadda Hausawan ɓangarorin biyu suka laƙaba wa suna "murtala", saboda hoton Janar Murtala Muhammad da ke gabanta. Naira ashirin ke nan. Duk wanda ya juya bayanta, muddin bugun shekarar 2007 ce ko wanda ya biyo baya, zai ga wata mata ta duƙufa a kan wata babbar tukunya, an kuma rubuta sunanta: Ladi Kwali. Akwai hotunan mata a wasu takardun naira, amma ita kaɗai ce aka ambaci sunanta. Miliyoyin hannaye sun damƙi wannan takarda, sun ƙudundune ta, sun sayi goro da ashana da ita, ba tare da sun tambayi ko wace ce ba.

Matar da ke ginin tukwane a ƙauyukan Bawdeta ba ta bukatar a yi mata bayanin hoton. Ta san wannan duƙawar, ta san yadda yumɓu ke bin yatsa, ta kuma san ciwon bayan da ke zuwa da almuru. Abin da ba lalle ta sani ba shi ne, tukwanen matar da ke bayan murtala sun daɗe da rabuwa da ruwa. Da yawa daga cikin fitattunsu suna zaune cikin akwatunan gilashi a Landan da York da Washinton, kuma a shekarun da annobar korona ta garƙame ƙofofin waɗannan gidaje, maimakon sunan mai su ya dushe, sai ma ya ƙara tashi. Yadda aka yi hakan ta faru labari ne da ya faro shekara saba'in kafin annobar, a fadar wani sarkin Hausa.

Fadar Abuja

Mutumin Tasawa ko na Maraɗi ba zai ga baƙon abu a tarihin tsohuwar Abuja ba, domin kusan tarihin gidansu ne. Kamar yadda sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci gaba da sarauta a Maraɗi da Tasawa, haka Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya shiga ƙasar Gwari. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya gina gari a 1828, garin ya ci sunansa. Sarauta ta Hausa ce, harshen fada da na kasuwa Hausa ne, amma mutanen karkara galibi Gwari ne da Koro da maƙwabtansu. Wannan Abuja ita ake kira Suleja a yau, tun da ta bar wa sabon babban birnin tarayya sunanta bayan 1976. Tana cikin Jihar Neja ta Nijeriya, wadda bai kamata mai karatu ya rikita ta da Jamhuriyar Nijar ba.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Wajen wata 'yar'uwar mahaifanta ta koya tun tana ƙarama. Matan Gwari ba sa kifa tsohuwar tukunya su ɗora yumɓu a kanta kamar yadda ake yi a garuruwan Hausa da dama. Curin yumɓu magina kan ajiye, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jawo bangon sama da yatsu tana zagaya shi da ƙafa, sannan ta ƙara murɗaɗɗen yumɓu zobe bisa zobe har ciki ya buɗe, kafaɗa ta tsaya, wuya ya tsuke. Tukunya na zaune, magina ce ke juyawa. Idan ta sha iska, sai a yi mata zane da tsinke ko wuƙa, a birgima murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen ice a jikinta don ya bar sawu. Ladi ta shahara da yadda take raba jikin tulu gida-gida, ta zaunar da wata halitta a kowane gida: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, maciji, tsuntsu. Bayan an gasa a fili da itace da ciyawa, akan yayyafa wa tukunyar ruwan makuba tun tana da zafi, ta yi duhu, ta yi sheƙi.

Tun kafin wani Bature ya ji sunanta, manyan ƙasar sun san hannunta. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma yana tara tukwanen ƙasarsa don sha'awa. A gidansa ne Michael Cardew ya fara ganin aikin Ladi a 1950. Wannan batu yana da muhimmanci, domin sau da yawa akan ba da labarin kamar Bature ne ya tono ta daga duhu. Gidan farko da aka ajiye tukunyarta don a kalla, ba don a zuba ruwa ba, gidan sarkin Hausa ne.

Shi Cardew magini ne daga Ingila, almajirin Bernard Leach na St Ives, ya kuma riga ya yi shekaru a Gwalkwas, wato Gana ta yau, yana fama da tanderu a Achimota da Vume ba tare da wata riba ta a zo a gani ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi a 1950 don ya duba yadda za a "inganta" ginin tukwane a Nijeriya. Da ya zagaya ƙasar, sai ya ga tukwanen gargajiya ba su da wani aibi da ke neman gyara: suna da arha, suna jure wutar murhu, suna sanyaya ruwa. Shawarar da ya bayar ita ce a ƙyale su yadda suke, a kafa wata sabuwar sana'a a gefensu, ta kwanuka da kofuna da butocin shayi na tangaran, don ma'aikata da 'yan kasuwar da ke sayen irin waɗannan kaya daga waje. Ya zaɓi Abuja saboda itace da ruwa da yumɓu da goyon bayan sarki. Aka soma ginin cibiyar koyarwa a 1951, aka ɗauko samari daga lardunan Arewa, Hausa ta zama harshen aiki. Hatimin da ake buga wa kowace tukunya kuwa kalmar "Abuja" ce da rubutun ajami. (Abin lura, a bugun kuɗin 2007 da ya ɗora Ladi a bayan murtala ne aka cire ajami daga ƙananan takardun naira.) A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Daga baya wasu suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto.

Wuta iri biyu

A nan ne zancen yake, kuma zance ne na wuta. Tukunyar da aka gasa a fili, ko a Kwali ko a Bawdeta, zafin da take sha bai cika wuce digiri 800 ba. Yumɓun yakan taurare, amma ba ya narkewa ya haɗe, don haka jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin. Dalilin da ya sa randa ke gumi ke nan, dalilin kuma da ya sa ruwanta ke da sanyi a tsakiyar bazara alhali na jarka ya zama kamar na wanka. Waɗannan ƙofofi ne kuma ke ba tukunya damar shan harshen wuta a murhu ba ta tsage ba. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan magina, a kan wannan sirri ya gina dabararsa ta saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, dabarar da ta ciyo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Wato abin da Bature zai kira rauni a jikin randa, shi ne dukan amfaninta.

Tanderun Cardew kuwa yakan kai digiri 1,250 ko fiye. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya zama kamar dutse, ruwan toka da garin duwatsu da aka shafa masa ya narke ya zama fatar gilashi. Ladi ta koyi aiki da faifan da ake harbawa da ƙafa, ta yi kwanuka da kofuna da faranti kamar sauran, amma ba ta bar ginin hannu ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai da yumɓun cibiyar, ta cike sawun zanenta da farar ƙasa, a shafe su da ruwan gilashi, a sa a tanderu. Abin da ya fito ba a taɓa ganin irinsa ba: siffar Gwari, da ƙadangaru da kunamu suna leƙowa ta ƙarƙashin wani kore-kore mai duhu kamar ana hangen su a gindin rijiya. Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikinsu ya san ba a yi ƙarya ba da aka kira ta gwana.

Sai dai wannan tulu ba ya gumi. Ba ya sanyaya ruwa, ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin gidan da aka ƙago siffarsa dominsa. Ya zama tulu a ido kawai. Tun daga ranar da ya fito daga tanderu ba shi da wurin zama sai inda ake kallo, masu kallon da ke iya biya kuwa ba a Kwali suke ba.

Haka ma kofuna da butocin shayin ba su samu kasuwar da aka yi zato ba. Ma'aikacin Kaduna ko na Kano ya fi son kwanon sha da langa masu fure, ko farin tangaran na kanti, a kan wani abu mai kauri da launin ƙasa. Ƙananan cibiyoyin da aka gwada kafawa a Sakkwato da Kano ba su yi tsawon rai ba. Masu sayen kayan Abuja sai suka kasance galibi Turawan mulki da matansu da baƙi, jami'an gwamnati kuma suka fara tambayar amfanin kuɗin da ake zubawa. Abin da ya ceci cibiyar shi ne Landan. A 1958 Cardew ya kai kayan Abuja wani ɗakin baje koli mai suna Berkeley Galleries, aka sake a 1959 da 1962, tulunan Ladi suka zama abin da ake rububi. Gidan tarihi na Victoria da Albert yana cikin waɗanda suka mallaki aikinta. Gwamnatin da ke shirin karɓar 'yancin kai ta ga abin alfahari, maganar rufewa ta kwanta.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi game da waccan shekara. Baje kolin 1958 ya zo ne duniya na farfaɗowa daga murar Asiya ta 1957, wadda ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya, ta kuma kwantar da jama'a da yawa a Ingila. Amma a wancan zamani ba a rufe gari don mura ba. Jiragen ruwa sun ci gaba da tafiya, akwatunan tukwane sun isa, masu saye sun shiga sun taɓa da hannunsu. Hanyar da ta haɗa Abuja da Landan ba ta gamu da jarrabawar annoba ba sai bayan shekara sittin da biyu.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ladi ta je Ingila da Jamus a farkon shekarun 1960 tana gina tulu a gaban ɗalibai da malamai, aka ba ta lambar MBE a 1963, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi makarantar boko ba, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta babbar lambar yabo ta masana a 1980. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, shekara ɗaya da rabi bayan rasuwar Cardew. An sa wa cibiyar sunanta, amma cibiyar ba ta daɗe da ƙarfinta ba. Tun kafin korona, 'yan jaridar da suka ziyarci wurin a Suleja sun sha ba da labarin tanderun da suka huce da gine-ginen da suka lalace.

Da ƙofofi suka rufe

An tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Yamai kuma ranar 19 ga Maris. Ingila ta kulle ranar 23 ga Maris, Abuja da Legas ranar 30. Cikin 'yan makonni, kusan duk wani gida da ke riƙe da tukunyar Ladi Kwali ya kashe fitila ya sa kwaɗo. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta a watan Mayu na shekarar cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na gidajen tarihi na duniya, fiye da 85,000, sun rufe. Ta kuma ce a Afirka da ƙananan tsibirai, kashi 5 cikin ɗari ne kacal suka iya nuna wa jama'a wani abu ta intanet. A Ingila an buɗe da rani, aka sake rufewa a Nuwamba, aka kuma rufewa a Janairu 2021, ba a koma shiga gidajen tarihi ba sai 17 ga Mayu.

Ana iya zaton fasahar yumɓu ce za ta fi kowace shan wahala a irin wannan hali. Zanen fenti yakan shiga hoto ya fito da kamanninsa, amma tukunya abu ce ta nauyi da zagaye. Sai an kewaya ta, an ɗaga ta, an ƙwanƙwasa an ji amonta. Duk da haka, kasuwar manyan tukwane ba ta faɗi ba. Masu kuɗi na zaune a gida, ba tafiya ba biki, dillalan gwanjo kuma suka mayar da harkarsu kan allon kwamfuta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Magdalene Odundo, 'yar Kenya da aka haifa a Nairobi a 1950. Tana ɗaliba a Farnham ta Ingila Cardew ya ba ta shawarar ta je Abuja, ta je a 1974, ta zauna gaban Ladi da sauran matan cibiyar ta koyi ginin hannu, kuma da wannan hanya take aiki tun daga lokacin. A watan Nuwamba 2020, Ingila na cikin kulle na biyu, aka sayar da tukunyarta guda a gwanjon intanet na kamfanin Maak a kan abin da bai gaza fam 200,000 ba, farashin da ya kafa tarihi a lokacin ga magini mai rai. Da darajar almajira ta tashi, sai idanu suka koma kan malamar.

Wani abu kuma ya taimaka. Zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a Amurka a watan Mayu 2020 ta sa gidajen tarihi na Turai, waɗanda ba su da baƙi sai lokacin tunani, suka shiga binciken rumbunansu suna tambayar aikin baƙaƙen fata nawa suka ajiye ba su nuna ba, nawa kuma suka rubuta a ƙarƙashin sunan wani Bature. Tukwanen Abuja sun daɗe ana nuna su a matsayin wani babi na tarihin Cardew. A wannan yanayi ne Dokta Jareh Das, masaniyar fasaha 'yar asalin Nijeriya, ta shirya baje kolin da aka kira Body Vessel Clay, wato jiki da mazubi da yumɓu. An buɗe shi a gidan Two Temple Place da ke bakin kogin Thames ranar 29 ga Janairu 2022, guguwar nau'in Omicron ba ta gama lafawa ba. Wannan karon Ladi ce tushe, Cardew yana gefe. Aka jera tulunanta da na matan Abuja, sannan na Odundo, sannan aikin matasa irin su Bisila Noha da Phoebe Collings-James da Shawanda Corbett, waɗanda ba su taɓa ganin ta da rai ba. Ana cikin haka, ranar 16 ga Maris 2022, kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko, matasan Nijeriya da yawa suka fara sanin sunan matar da suka girma suna kashewa a kantin unguwa.

Yana da sauƙi a ɗora wa Cardew da dillalan Landan laifin raba tulu da ruwa, kuma akwai gaskiya a zargin. Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A gidan tarihi na Jos akwai ɗaruruwan tukwane da Sylvia Leith-Ross ta tattaro daga sassan Nijeriya, wasunsu ba su gaza na Ladi kyau ba, amma abin da aka fi sani game da su shi ne gari da ƙabila. Tukunyar da aka gasa a fili takan yi 'yan shekaru ta fashe, ta zama kasko, ta zama tsingaro, sunan mai ita ya bi ta. Wutar da ta toshe ƙofofin tulun Ladi ita ce ta sa ya kai yau, hatimin LK da ke gindinsa kuma shi ya riƙe sunan. Hausawa suna da suna ga irin wannan al'amari: ƙadangaren bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Kasuwar waje haka ta zame wa ginin Abuja tun 1958, korona ba ta ƙago matsalar ba, ta dai yaye mata zane.

Gefen Tasawa

A ƙasar Maraɗi annoba ba baƙuwa ba ce. Tsofaffi sun ji labarin murar 1918 da ake kira marisuwa, sun ga agana, sun ga sanƙarau yana dawowa da rani, kwalara kuma ta ɓarke a Madarunfa a 2018. Idan aka auna da waɗannan, korona ba ta yi kisa mai yawa a Nijar ba: waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu ɗari uku da 'yan kai, cikinsu har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a watan Mayu 2020. Abin da jama'a suka fi ji a jikinsu shi ne dokokin. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu da masallatai, ta hana taruwa, ta killace Yamai. A Mirya ta ƙasar Damagaram, garin da ya yi suna wajen tuluna, hana sallar jam'i ya jawo tarzoma tun a watan Maris. Ba a buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu. A ƙetaren iyaka an kulle Daura da Kano a watan Afrilu. Ita iyakar ma Nijeriya ta riga ta rufe ta tun Agusta 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, annoba ta zo ta ƙara mata sakata.

Lokacin da abin ya faɗo shi ne lokacin magina. Ginin tukwane aikin rani ne, domin da damina yumɓu ba ya bushewa, kara da kashin shanun gashi sun jiƙe, hannaye kuma suna gona. Daga Maris zuwa Mayu ne zafi ke kaiwa maƙura, a lokacin ne ake neman sabuwar randa, azumin 2020 kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Hana taron biki ya taɓa masu sayen kayan ɗakin amarya, rufe iyaka ya rage kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Kano da Legas, wanda da shi ake cefane a gidaje da yawa.

Duk da haka, randar ƙauye tana da wata garkuwa da tulun Landan ba shi da ita. Mai gina ta da mai sayen ta ba su wuce tafiyar jaki ko amalanke ba. Ba ta jiran jirgi, ba ta jiran biza, ba ta bukatar a ɗauke ta hoto. Muddin akwai zafi da ƙishirwa, akwai mai nema. Abokan gabanta na gaskiya sun riga korona zuwa da shekaru masu yawa, kuma ba su tafi da tafiyarta ba: jarkar roba da ba ta fashewa a bakin rijiya, tukunyar dalma, kula da ƙanƙarar leda a garuruwan da ke da lantarki.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne na tsakiya, wato magadan Cardew na cikin gida da takwarorinsu. Wuraren ginin tangaran irin na Bwari da Ushafa a kewayen Abuja, da masu sana'ar hannu da ke da rumfuna a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, cinikinsu ya dogara ƙwarai ga ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji da baƙi masu neman tsaraba. Kayansu sun fi ƙarfin aljihun ƙauye, sunansu kuma bai kai gwanjon Landan ba. Nijeriya ta dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa daga ƙarshen Maris har zuwa 5 ga Satumba 2020, masu sayen suka koma ƙasashensu ko suka kulle kansu a gida. Ainihin rukunin da aka kafa cibiyar Abuja don a gina shi a 1951, shi ne annobar ta samu ba shi da kasuwar gida da zai jingina da ita.

An rufe baje kolin Landan ranar 24 ga Afrilu 2022. A cikin wannan watan ne hukumar kwastan ta Nijeriya ta sake buɗe iyakar Jibiya, babbar hanyar Katsina zuwa Maraɗi, bayan shekara biyu da wata takwas. Baje kolin ya koma York har zuwa watan Satumba, a 2025 kuma ya ƙetara New York. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Bayan wata uku aka sake rufe iyakar saboda juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Sauyin fasalin naira na ƙarshen 2022 ya taɓa takardun 200 da 500 da 1,000 ne kawai, don haka Ladi tana nan a bayan murtala, duƙe a kan tukunyarta. Sai dai takardar ta yi ƙaranci a hannun mutane, domin darajarta ta faɗi ƙwarai.